Tsohon dokin maƙwabcinmu yana ramewa: in kai ƙara ko in yi shiru?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina roƙon ka ba ni shawara a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Muna da wani maƙwabci, dattijo ne sa'an mahaifina, kuma tun da muka tare a gidanmu ba mu taɓa samun saɓani da shi ba. Baba muke ce masa, ni da maigidana da yaranmu. Yana da wani doki da ya daɗe a hannunsa, wanda shi da kansa ya taɓa gaya mana cewa ya haura shekara 25. A da dokin nan abin sha'awa ne, domin ɗan Baba ne yake kula da shi, yana wanke shi, yana share masa wuri, yana fita da shi safe da yamma. Tun da aiki ya ɗauke ɗan nasa zuwa wani gari mai nisa, daga baya kuma matar Baba ta rasu, sai komai ya canja.

Yanzu daga tagar ɗakina ina iya ƙirga haƙarƙarin dokin ɗaya bayan ɗaya. Ƙashin ƙugunsa ya fito, kofatansa sun yi tsawo har gabansu ya fara lanƙwashewa sama, kuma da ƙyar yake takawa. Sau da yawa nakan ga bokitin ruwansa a kife tun safe har la'asar. Wani lokaci akwai ciyawa a gabansa, amma sai in ga ya tauna ya zubar.

Na taɓa yi wa Baba maganar a fakaice, sai ya ce mini tsufa ne kawai, shi da dokin duk sun tsufa. Maigidana ya ce in fita batun, kada in shiga sharo ba shanu, tunda dokin ba namu ba ne, kuma ba ya son abin da zai ɓata zaman lafiyar da ke tsakaninmu. Wata ƙawata kuma ta ce in kai rahoto ga hukumar da ke kula da lafiyar dabbobi ba tare da na faɗi sunana ba. Ni kuwa na rasa yadda zan yi. Idan na kai ƙara, ina ganin na tona asirin dattijon da bai taɓa yi mini laifi ba, a lokacin da yake fama da rashi da kaɗaici. Idan kuma na yi shiru, ina tsoron ranar da zan wayi gari in ga dokin a kwance ya kasa tashi. Har na fara tunanin in riƙa miƙa masa hatsi ta kan katanga da dare ba tare da kowa ya sani ba. Malam, wace hanya ce ta fi dacewa?

Daga wata mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da abin da kika ambata a ƙarshe, domin shi ne mafi gaggawa: kada ki ba dokin nan hatsi a ɓoye, ko da dare ko da rana. Na san tausayi ne ya kawo miki wannan tunani, amma dokin da ya daɗe cikin yunwa yana iya mutuwa saboda abincin da aka cika masa a lokaci ɗaya. Jikin da ya saba da rashi yakan koma cin kitsensa da tsokarsa, sai ma'adanai irin su fosfaras da magniziyam da fotasiyam su ragu ƙwarai. Idan hatsi ya shiga cikinsa ba zato ba tsammani, sinadarin insulin, wanda ke sarrafa sukari a jiki, yakan tashi, ya janye ɗan abin da ya saura na waɗannan ma'adanai daga cikin jini, daga nan zuciya da huhu da ƙoda su gaza, yawanci a cikin kwana 3 zuwa 5. Shi ya sa masu binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, a Amurka, suka ba da shawarar a fara farfaɗo da irin wannan doki da kusan rabin kilo na busasshiyar ciyawar alfalfa (wata ciyawar dabbobi mai kama da harawa) duk bayan awa 4 a kwanaki 3 na farko, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali, ba tare da hatsi ba. Ban da wannan, tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, kuma doki ba ya iya amai, saboda haka duk abin da ya shiga ya shiga, yana iya zame masa ciwon ciki mai tsanani ko kumburin naman da ke cikin kofato. Ciyarwar ɓoye tana da wata illar kuma: za ta sa Baba ya ɗauka cewa abin da yake yi ya wadatar, alhali ainihin matsalar tana nan ba a taɓa ta ba.

Ruwa kuwa daban ne. Dokin da ke hutawa yana buƙatar kusan lita 5 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a rana, wato doki mai kilo 400 yana shan wajen lita 20, kuma lokacin zafi buƙatar tana iya ninkawa. Tun yau ki nemi izinin Baba a riƙa cika masa bokiti safe da rana da yamma, a kuma ɗaure bokitin ko a sa shi a inda dokin ba zai ture shi ba. Wannan roƙo ne da da wuya dattijo ya ƙi.

Yanzu mu zo ga maganar Baba, cewa tsufa ne kawai. Mutane da yawa sun yarda da haka tsakaninsu da Allah, kuma ban ɗauka Baba yaudararki yake yi ba. Sai dai maganar ba ta cika daidai ba. Doki yakan rayu shekara 25 zuwa 30, wasu ma su wuce, kuma akwai da yawa da suke kai wa wannan shekaru da cikakken jikinsu. Abin da tsufa ke kawowa shi ne wasu larurori da suke sa doki ya rame idan ba a kula da su ba, kuma akasarinsu suna da magani. Abin da kika gani na taunawa da zubarwa ya fi komai jan hankalina a wasiƙarki. Haƙoran tauna na doki suna ci gaba da fitowa daga muƙamuƙi kusan milimita 2 zuwa 3 a shekara, domin su maye gurbin abin da ciyawa ke goge musu. Idan doki ya haura shekara 20, ajiyar da ke cikin muƙamuƙin takan fara ƙarewa: wasu haƙoran su girgiɗe, wasu su faɗi, wasu su yi kaifi a gefe har su riƙa yankar kumatu da harshe. Idan kika samu damar matsawa kusa, ki duba ƙasan inda yake cin abinci. Za ki iya ganin ciyawa a dunƙule, jiƙe da yawu, wadda ya juya a baki ya kasa niƙawa ya tofar. Irin wannan doki yana iya mutuwa da yunwa alhali ciyawa na jibge a gabansa, mai shi kuma yana rantsuwa cewa kullum yana ba shi abinci, kuma gaskiya yake faɗa. Likitan dabbobi yakan goge kaifin haƙoran, ya cire wanda ya lalace, sannan ya tsara abincin da za a riƙa jiƙa masa ya yi laushi yadda ba sai ya tauna sosai ba.

Akwai kuma tsutsar ciki, akwai ciwon gaɓɓai da ke hana tsohon doki tsayawa ya ci yadda ya kamata, akwai wata cuta da likitoci ke kira Kushin, wadda ke tasowa daga wani ɗan sashe da ke gindin ƙwaƙwalwa, kuma tana yawan kama dawakin da suka haura shekara 15. Alamarta ita ce gashi ya yi tsawo ya ƙi zuba a lokacinsa, naman gadon baya ya zaizaye, ciki ya sauko. Ba a warkar da ita gaba ɗaya, amma akwai ƙwayar magani da ake ba doki kullum ya samu sauƙi.

Domin kada maganar rama ta zama gardama tsakanin mai cewa ya rame da mai cewa bai rame ba, masana suna amfani da wani ma'auni da Dokta Don Henneke da abokan aikinsa na Jami'ar Teksas A&M suka wallafa a 1983. Ma'aunin yana tashi daga 1 zuwa 9, ana kuma duba wurare 6 a jikin doki: wuya, doron kafaɗa, bayan kafaɗa, haƙarƙari, gadon baya da gindin wutsiya. Lamba 1 ita ce dokin da ya zama fata da ƙashi, 9 kuma mai ƙiba fiye da kima. A lamba 5, wadda ita ce matsakaiciya, ba a ganin haƙarƙari da ido amma ana jin sa idan aka shafa. Ba ke za ki sa masa lamba daga taga ba, domin aikin yana buƙatar a taɓa jikin dabbar da hannu. Na kawo shi ne don ki san cewa wanda za a turo ya duba dokin yana da abin da zai auna da shi, ba son rai zai bi ba.

Adalci ya sa in ƙara da cewa akwai tsofaffin dawaki da suke a rame duk da mai su yana kashe kuɗi a kansu, likita yana zuwa, ana ba su abinci na musamman. Rama kaɗai ba ta isa a yanke wa mutum hukuncin sakaci ba. Amma ke ba rama kaɗai kika gani ba. Tsufa ba ya kife bokiti tun safe har la'asar, kuma ba ya hana a yanke kofato. Kofaton doki yana girma kusan milimita 6 zuwa 10 a wata, ana kuma datse shi duk bayan mako 6 zuwa 8. Kafin gabansa ya kai ga lanƙwashewa sama, an ɗauki watanni masu yawa ba a taɓa shi ba, kuma kowane taku da dokin ke yi a wannan hali yana jin sa a jijiyoyinsa da gaɓɓansa. A ganina, abin da kika bayyana sakaci ne, ko da babu mugun nufi a cikinsa.

Na kuma yi imanin babu mugun nufi. Mutumin da ya riƙe doki shekara da shekaru ba ya wayar gari ya tsane shi. Abin da ya fi faruwa shi ne ƙarfi ya ƙare, ko abin hannu ya yi ƙaranci, ko baƙin ciki ya danne mutum har ya daina ganin abin da ke gabansa, sannan kunya ta hana shi cewa ya gaza. Wanda yake ganin dabba kullum ma ba ya lura da ramarta kamar wanda ya san ta a da. Saboda haka ina roƙonki ki dubi Baba kansa da irin idon da kike duban dokin. Yana cin abinci yadda ya kamata? Yana fita cikin mutane? Jikinsa yana iya ɗaukar bokiti mai lita 20? Sau da yawa dabbar da aka yi sakaci da ita a gidan tsoho alama ce ta farko da ke nuna cewa shi ma yana buƙatar a kula da shi.

Shawarata ita ce ku fara zuwa wurinsa, ke da maigidanki, ku yi masa magana a sarari cikin ladabi. Zuwa da kai ya fi aike. Maganar da kika yi a fakaice ta ba shi ƙofar da zai fita, ya kuma fita ta cikinta. A wannan karon ku je da abu takamaimai, misali ku ce: "Baba, mun lura dokin nan yana tauna ciyawa yana zubarwa, an kuma gaya mana cewa ciwon haƙori ne yake kawo haka, kuma ana gyarawa. Ka ba mu izini mu kira likitan dabbobi ya duba shi, ya kuma duba kofatansa." Irin wannan magana ba ta ɗora masa laifi, ta ɗora shi ne a kan haƙori, kuma ta bar masa girmansa na mai doki wanda ake neman izininsa. Idan kuna da hali, ku ce za ku ɗauki nauyin zuwan farko. Idan babu, ku faɗi abin da za ku iya, ko da ɗiban ruwa ne da share wuri. Kada ku yi alkawarin abin da ba za ku iya ɗorewa a kansa ba, domin kula da tsohon doki aiki ne na kullum har ƙarshen ransa. Ku kuma nemi ɗan Baba ta waya. Shi ne ya rene dokin nan, kuma mai yiwuwa idan ya tambaya ana ce masa lafiya lau. Ku gaya masa gaskiya, game da dokin da kuma game da mahaifinsa.

Game da maigidanki, ba na ba ki shawarar ki yi wani abu a bayan idonsa, domin hakan zai ƙara miki matsala ta biyu a kan ta farko. Ki kira shi bakin tagar ya gani da idonsa, ki karanta masa wannan amsa idan kina so. Damuwarsa a kan zaman lafiya abar dubawa ce, kuma haƙƙin maƙwabci babba ne. Amma batun shiga sharo ba shanu ya shafi rigimar mutanen da kowannensu ke da bakin kare kansa. Doki yana ɗaure a turke, ba zai iya kwance kansa ya nemi ruwa ba, ba zai iya kai kuka ko'ina ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga gonar wani mutum daga cikin Ansar, wani raƙumi ya gan shi ya yi kuka, idanunsa suka zubar da hawaye. Ya shafe shi har ya natsu, sannan ya tambayi wane ne mai shi. Da wani saurayi ya ce nasa ne, sai ya tambaye shi ko ba zai ji tsoron Allah ba game da wannan dabba da Allah ya mallaka masa, domin ta kai kukan cewa yana barinta da yunwa yana kuma wahalar da ita. Raƙumin ba nasa ba ne, amma bai wuce shi ba, kuma mai shi ya nema ya yi wa magana.

Idan kun yi wannan zama, ki sa wa kanki wa'adi, domin ba a jira har abada da dabbar da ke ramewa. Ni a ganina mako ɗaya zuwa biyu ya isa a ga ko Baba ya amince. Ba ƙiba za ki nema a cikin wannan lokaci ba, tunda dokin da ya rame sosai yakan ɗauki wata 3 zuwa 5 kafin ya koma jikinsa. Abin da za ki nema shi ne: likita ya zo ko an sa ranar zuwansa, ruwa ya zauna a gabansa, an fara taɓa kofatan. Idan Baba ya ƙi, ko ya amsa da baki amma kwanaki suka wuce babu abin da ya motsa, ɗansa kuma bai yi komai ba, to ki kai rahoto, kuma kada ki ji cewa kin ci amanar kowa.

Kalmar "ƙara" ce take tsorata ki, domin tana kawo miki hoton kotu da ɗauri da dattijo a gaban alƙali. A mafi yawan lokuta abin ba ya farawa daga nan. Rahoto yana nufin kin nemi wanda ya san aikin ya zo ya duba abin da ke ba ki da ilimi ko ikon dubawa. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ga misali ɗaya: dokar walwalar dabbobi ta 2006 da ke aiki a Ingila da Wels ta ɗora wa mai dabba nauyin biya mata buƙatunta, ta kuma ba jami'i damar rubuta masa takardar gyara, wadda ke bayyana abin da ya gaza yi da lokacin da aka ba shi ya gyara, kafin a kai ga tuhuma. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda ƙasashe fiye da 180 ke cikinta, ta amince da haƙƙoƙi 5 na asali da dabba ke da su a hannun mai ita, na farkonsu shi ne kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa, kuma a 2016 ta amince da ƙa'idoji na musamman a kan dawaki da jakuna da alfadarai masu aiki. Wurin da za ki fara tuntuɓa shi ne ofishin likitan dabbobi na hukuma da ya fi kusa da ku, ko ƙungiyar kare dabbobi idan akwai ta a inda kuke.

Idan za ki kai rahoton, ki faɗi abin da idonki ya gani, tare da ranaku da lokuta: ranar kaza bokiti a kife daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ranar kaza ya tauna ya zubar. Ki bar zato da fassarar zuciyar mutum. Idan za ki ɗauki hoto, ki ɗauka daga cikin gidanku, kada ki shiga gidan wani ba da izini ba, kada kuma ki kwance dokin ki kai shi wani wuri da sunan ceto. Ki gaya musu halin da Baba yake ciki, cewa dattijo ne shi kaɗai wanda ya yi rashi, domin su zo masa da tausasawa. Hotunan nan kuwa kada su hau Facebook ko WhatsApp. Wannan shi ne ainihin tonon asirin da kike gudu, kuma ba ya ƙara wa dokin ko da kofin ruwa.

Ban goyi bayan shawarar ƙawarki ta ɓoye suna gaba ɗaya ba. Rahoton da ba shi da mai shi yana da wuyar bibiya, domin babu wanda za a koma a tambaya. Ya fi kyau ki ba su sunanki, ki roƙe su kada su bayyana shi. Duk da haka ki sani cewa Baba zai iya ganewa, tunda tagarki ce ke kallon dokin kuma ke kika taɓa yi masa maganar. Da ni ne, zan gwammace maigidanki ya sanar da shi tun kafin su zo, ya ce masa: "Baba, mun nemi likitocin hukuma su zo su duba dokin nan, domin mun kasa jure ganinsa haka." Zai iya yin fushi. Amma fushin da aka yi a kan abin da aka gaya maka a fuska yana saurin sauka fiye da wanda ya haɗu da zargin munafunci.

Duk wannan tsari na zama da wa'adi yana aiki ne matuƙar dokin yana tsaye yana ci. Idan kika gan shi a kwance ya kasa tashi, ko yana birgima yana gumi yana waiwayar cikinsa, ko ya daina ci gaba ɗaya, ko ya ƙi dafa wata ƙafa a ƙasa, ko ya samu miki da ya fara tsutsa, to a kira likita a ranar, ko Baba ya so ko bai so ba. Nauyin jikin doki yana lalata masa tsoka yana danne masa huhu idan ya daɗe a kwance, saboda haka awoyi ake ƙirgawa a wannan hali.

Akwai abu ɗaya da nake so ki shirya wa ranki. Mai yiwuwa likita ya duba ya ce ciwon ya yi nisa, dokin ba zai sake tsayawa ba tare da azaba ba, kuma abin da ya fi masa sauƙi shi ne a hutar da shi. Wannan shawara ce tsakanin likita da mai doki. Idan ta kai ga haka, kada ki ɗora wa kanki cewa rahotonki ne ya kashe shi, domin da kin yi shiru ma ƙarshen yana zuwa, sai dai zai zo masa a hankali cikin yunwa da ƙishirwa. A irin wannan rana Baba zai fi kowa buƙatar maƙwabta kusa da shi, kuma ina fatan ku za ku kasance na farko da za ku shiga.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Ni na riga na kai rahoton wata tsohuwar goɗiya ta maƙwabcina, bayan na yi masa magana ya ce ba ruwana. Jami'ai sun zo, sun duba ta, sun yi magana da shi, suka tafi suka bar ta a inda take. Yanzu an kwana biyu, har yau tana nan a rame, shi kuma ya daina amsa gaisuwata. Ina ganin na ɓata maƙwabtaka a banza. Shin in sake komawa wurinsu, ko in haƙura?

Daga wani mai karatu

AMSA

Malam, barin ta da suka yi a wurin ba ya nufin sun watsar da maganar. Ƙwace dabba daga hannun mai ita shi ne abu na ƙarshe da hukuma ke yi, domin yana buƙatar hujja mai ƙarfi da wurin ajiya da kuɗin ciyarwa, kuma tsohuwar dabbar da ta raunana ɗaukarta a mota ma haɗari ne gare ta. Abin da aka fi yi shi ne a gaya wa mai ita abin da zai gyara, a ba shi lokaci, sannan a dawo a duba. Ba lalle ne su gaya maka abin da suka tattauna da shi ba.

Kada ka auna nasarar rahotonka da haƙarƙarinta a yanzu, domin kamar yadda na faɗa a amsar da ta gabata, cikar jiki tana ɗaukar watanni, kuma likitan kirki da gangan yake sa a ƙara abinci kaɗan-kaɗan. Ka dubi abubuwan da ke canjawa da wuri: ko akwai ruwa a gabanta duk yini, ko an share wurinta, ko an datse kofatanta, ko ana ba ta abinci sau da yawa a rana, ko tana ɗaga kai tana kula da abin da ke faruwa a kusa da ita. Idan ka ga waɗannan, aikin yana tafiya. Idan makonni sun wuce babu ko ɗaya, ko ka ga ta ƙara lalacewa, ka koma ofishin da ka kai rahoton, ka ambaci ranar da suka zo, ka ba su abin da ka rubuta tun daga lokacin, ka tambaye su yaushe za su sake dubawa. Rahoto na biyu mai ranaku a rubuce yana da nauyi, domin yana nuna cewa an yi wa mutum gargaɗi bai gyara ba.

Maƙwabcin naka kuwa, ka ci gaba da gaishe shi ko ya amsa ko bai amsa ba, kada ka kai maganar majalisa, kada kuma ka bar yaranka su ɗauke ta zuwa wurin nasa yaran. Idan akwai wani dattijo da ku duka kuke jin nauyinsa, ka roƙe shi ya isar masa cewa a shirye kake ka taimaka da ɗiban ruwa ko neman wanda zai gyara mata kofato, duk ranar da ya so.